Hannun Ambu na Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya rigar aikin mijina ba ta ga sabulu ba. Kada wani ya ce ƙazanta ce, don ni Oyoh ba a taɓa kama ni da ƙazanta ba a ƙauyen nan. Haka sana'ar ta gada. Bishiyar kawung, wadda muke dafa ruwanta ya zama mazarƙwaila, da ƙanshi take gane mai tatsarta. Rigar da ka fara zuwar mata da ita, da ita za ka ci gaba da zuwa safe da yamma, ba turare, ba sabulu, sai dai a ɗauraye a rafi a shanya. In ka canza, sai ta ɗauke ka baƙo, ta hana ka ko ɗigo. 'Yan boko suna dariya in sun ji haka. Su yi ta yi, ba su taɓa dawowa gida da bututun gora wayam ba.

Bishiya bakwai mijina Sarkim, wanda nake kira Kang Sarkim don girmamawa, yake tatsa a gangaren da ke hayin rafi, amma ɗaya ce ta zuciyarsa. Ambu yake kiranta, yadda mu Sundawa muke kiran uwa. Ba wanda ya shuka ta. Kawung ba a shuka ta, tunku ne yake cin 'ya'yan ya je ya kayar da ƙwallon inda Allah ya nufa. Ita Ambu a bakin wani dutse ta fito, baƙa ƙirin, jikinta duk gashi, kuma ruwanta ya fi na sauran zaƙi nesa ba kusa ba.

Ranar da ya faɗo, an kwana ana ruwa. Tsaninmu gora ce guda ɗaya doguwa, an fafe mata 'yan ramuka daidai babban yatsan ƙafa, kuma gansakuka ta kwanta a rami na goma sha huɗu. Yayansa Kang Emod, wanda shi ma tatsar yake yi, shi ya tsince shi a gindin Ambu. A cikin zane suka ɗauko shi, an rataya a sanda, mutum biyu suna saɓe da shi har bakin titi. Na bi su da gudu babu takalmi. Cinya ce ta karye, aka kai shi asibitin birni aka sa masa ƙarfe.

A can aka miƙo mini rigar a cikin leda. Da na dawo gida ɗaukar kaya, na tsaya da ita a gaban murhu, wuta tana ci. Na yi niyyar jefa ta, Allah ya sani, hannuna ne kawai ya ƙi. Sai na hau rumbu na tura ta can ƙasan dammunan shinkafa, na sauko na wanke hannu.

Kwana uku da sallamo shi ya tambaya.

"Nyi, ina rigata?" Haka yake kirana, yadda miji yake kiran matarsa a wurinmu.

"Na cusa ta a murhu," na ce, ban ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Duk jini ce da laka."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Daga baya ya ce, "To." Ya juya fuskarsa bango. Ni kuwa a raina sai na ji sanyi, don na san babu riga, babu hawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi.

Na yi jinya irin wadda ake ba da labari. Ruwan alwala ni nake kawo masa har tabarma. Abinci sai na fifita ya huce. In kaza ta shigo ya ɗaga hannu zai kore ta, sai in ce ya bari kada ya motsa ƙarfen. Matan unguwa suna yabona a bakin rijiya, ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku, huɗu.

Gidanmu a kan tudu yake, kuma da safe gajimare yakan sauko ya cika kwarin har ya shigo ta tsakanin saƙar bango. A cikin wannan farin abu Kang Sarkim yake kwana, a cikinsa yake wuni. Ya koma mutumin da ba a san barcinsa da farkawarsa ba. Ido biyu yake mafarki, rana tsaka, ina can ina juya tukunya yana ba ni labari da wata murya mai laushi wadda ban san shi da ita ba. Wai ya ga tudun nan gaba ɗaya ya tsinke yana yawo a kan gajimare, da gonakin da masallacin da komai. Wai ya ga kifaye suna wucewa ta taga, suna gaishe shi da suna. Wata ranar ya ce ya ga Ambu ta tattare saiwoyinta kamar mai tattare zane za ta haye rafi, ta gangaro ta bi ta ƙofar gidanmu, ta dube shi, ta wuce ba ta yi sallama ba.

"Ba ta gane ni ba, Nyi."

"Bishiya ce, Kang. Sha kofinka."

Kofin nan sai ya huce a gefensa, ƙudaje su same shi. Shinkafa loma uku yake yi ya ture. Salla a zaune, wani lokaci har gyangyaɗi yake a tsakiyar tahiya.

Kang Emod ne ya karɓi bishiyoyin, ana raba abin da aka samu. Shida sun saba da shi a hankali, suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Ambu kuwa ta bushe ƙaf. Yakan biyo da yamma ya zauna a bakin ƙofa yana tsokanar ƙanin nasa.

"Tsohuwar nan taka ta ƙi ni, Sarkim. Na yi mata waƙa, na yi mata kirari, har taba na daina sha in zan je wurinta. Ko hawaye ɗaya."

"Muryarka ce, Kang. Ko akuya ta ji ta sai ta ɗauke nono."

Iyakar abin da yake sa shi murmushi ke nan, shi ma ba ya daɗewa.

Bu Wiwin, ma'aikaciyar ɗan asibitin ƙauyenmu, ta hawo da babur ɗinta wata Laraba. Yarinya ce gajera, ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba, amma bakinta ya girmi kakata. Ta duba takardun birni, ta sa shi ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe. Sannan ta haɗa yatsunta biyu ta zagaye ƙwaurinsa da su, suka haɗu. Ƙwaurin nan da a da hannuna biyu ba sa zagaye shi. Ta ɗago ta dube ni, ba ta dube shi ba.

"Bi Oyoh, wa yake ɗebo masa ruwan alwala?" A bakinmu Bi kamar inna ce, Mang kuma kamar kawu.

"Ni mana."

"Wa yake kai shi bayan gida?"

"Ni. Da wa kike so ya kai shi?"

"Ƙafarsa." Ta naɗe takardun. "Hoton nan ya nuna ƙashi ya haɗu tun wata biyu da suka wuce. Faɗuwa ta gama nata. Yanzu tabarmar nan ce take cinsa. Naman jiki in ba a sa shi aiki ba tafiyarsa yake yi, barci ya lalace, cin abinci ya lalace, zuciya ta bi bayansu. Mang Sarkim, yaushe rabon da ka yi gumi?"

Ya yi ta tunani kamar an tambaye shi ranar haihuwar kakansa.

Raina ya ɓaci. Na ja ta waje, gindin ayaba.

"Ke 'yar nan, kin taɓa ganin an kawo miki mijinki a cikin zane?"

"Ban taɓa ba, Bi. Amma na ga waɗanda aka kawo a zane sun warke sun koma gona. Na kuma ga waɗanda aka yi ta lallaɓawa a ɗaki har aka lallaɓa su zuwa kushewa. Ban ce ya hau bishiya gobe ba. Ki ba shi aikin da zai yi a zaune. In ya saba, ya yi a tsaye. In ya saba, ya taka. Zai ji ciwo kaɗan, wannan ba komai. In ya ji mai tsanani ko wurin ya kumbura, ki aiko mini. Motsi ya fi laɓewa."

"Kin gama?"

"Saura ɗaya. Ki daina fifita masa abinci, yana da baki."

Ta hau babur ɗinta ta tafi, ta bar ni ina huci. Da yamma na shiga kai masa ruwa, na tsaya na dube shi sosai, irin kallon da na daɗe ban yi masa ba. Wuyansa ya zama na tsohon zakara. Mutumin da yake saɓo bututu shida cike ya hawo tudun nan yana fito, shi ne buta take rawa a hannunsa. Tsoro ya kama ni, wani daban da wanda na saba da shi.

Washegari na ajiye kujera a gaban murhu na miƙa masa muciya.

"Hannuna ya gaji. Juya mini."

Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa, amma ya karɓa. Dahuwar ruwan kawung ba ta son gaggawa. Sai ya tafasa ya yi kumfa fari, ya koma ruwan zuma, ya koma ja, yana tsalle yana tofi, kuma in ka ɗauke ido ya ƙone. Tururin ya lulluɓe shi har ban ganin fuskarsa sosai. Can na ji ya ce, "Wutar nan ta yi yawa, Nyi. Shekara nawa kina wannan aiki ba ki iya wuta ba?" Rabon da ya yi mini faɗa tun kafin ya faɗo. Na juya baya na zare itace ɗaya, ina share ido da bakin zane. Ranar ya cinye shinkafarsa da busasshen kifi, ya kuma nemi ƙarin barkono.

Daga juya tukunya ya koma zubawa a ƙoƙon kwakwa. Daga nan ya karɓi turara bututu, don in ba a yi musu hayaƙi ba ruwan yakan yi tsami kafin a iso gida. Wannan a tsaye ake yi. Ya fara takawa da sanda zuwa gindin ayaba, sai rijiya, sai masallaci. Da daddare yana barci na gaske, har da munshari, kuma kifayen nan sun daina wucewa ta taga. Kullum yana ƙara nisa kaɗan, har ranar da ya kai bakin rafi.

A nan ya tsaya. Kwana goma yana zuwa bakin rafi, ya zauna a kan dutse, ya kalli hayi inda kan Ambu yake leƙowa ta cikin gajimare, ya dawo. Ni kuwa hakan ya yi mini daidai. Ga miji yana ci yana sha yana takawa, ga shi kuma ba ya hawa. Na ce a raina na ci riba biyu.

Sai Kang Emod ya zo da labari.

"Sarkim, tsohuwarka ta fitar da hannu."

Hannu muke kiran reshen furen da ake yankawa ruwa ya fito. Ita kawung daga sama take fara fitar da shi, kowane sabo yana fitowa ƙasa da na baya, tana saukowa a hankali shekara da shekaru. Ranar da hannu ya fito kusa da ƙasa, to ta gama, daga shi sai mutuwa.

"A ina?" in ji Kang Sarkim.

"Ƙasa sosai. Matakin tsani shida, in ya yi yawa bakwai. Ban ga alamar akwai wani a bayansa ba. In za a fara bugu, sai a fara cikin makon nan kafin furen ya buɗe. Ni dai ka san ba ta yi da ni."

Hannu ba a yanka shi haka kawai. Sai an yi makonni ana bugunsa da guduma ta itace a hankali, ana lilo da shi, ana rarrashi, kafin ya yarda ya kawo ruwa. In lokacin ya wuce, ya wuce.

Kang Sarkim ya tashi ya shige ɗaki. Washegari bai je rafi ba. Na miƙa masa muciya ya ce kansa yana ciwo. Kwana biyu, ya koma tabarma, fuska a bango, muryar nan mai laushi ta dawo.

"Saukowa ta yi ta same ni, Nyi. Ta ga ba zan iya hawa ba, ta sauko. Ni kuma da wace fuska zan je mata? In je a baƙo, in buga mata hannu na ƙarshe ta ƙi ni? Gara ta mutu tana zaton ni ma na mutu."

Na fita na zauna a bayan ɗaki. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, kuma ga su kwance a tabarma. Na ga zanen nan da sandar nan a idona kamar yau aka yi. Na kuma ga yatsun Bu Wiwin biyu sun haɗu a ƙwaurinsa. In na ba shi rigar, wataƙila wata rana a sake kawo mini shi a saɓe. In na hana shi, ba sai an kawo shi ba, a gabana zai ƙare, ina fifita masa abinci. Ina sonsa, kuma son nan ne ya kusa kashe shi. Na daɗe a wurin har aka kira azahar.

Bayan salla na hau rumbu. Na ɗaga dami bakwai kafin na kai gare ta. Na shigo na ajiye ledar a kan ƙirjinsa, na koma bakin ƙofa na tsaya, don in ya yi jifa kada ya same ni.

Ya buɗe a hankali. Ya fito da ita, ya karkaɗe ƙaiƙayi, ya kai hanci. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe.

"Kin ce kin ƙona."

"Na ce."

"Wata biyar, Oyoh."

Bai taɓa kiran sunana gatsau ba tun da aka ɗaura mana aure. Gara ma da ya jefe ni da buta.

"Tsoro na ji, Kang. Har yanzu ina ji. Ka je, amma ka sani da tsorona za ka hau."

 Ya tashi zaune ya sa rigar. Ta yi masa yawa, kafaɗun sun zubo, sai ka ce ta aro ce. Kwana biyu bai yi mini magana ba, sai dai ya nuna abu da baki. Na haƙura, ni na jawo.

Ban yarda ya haye rafi ba sai da na aika aka kira Bu Wiwin. Ta sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya tsuguna, ya tashi, ya hau turmi ya sauka sau goma. Sannan ta kafa masa sharuɗɗa. Ba tsanin gora ɗaya ba, sai mai ƙafa biyu da matakai masu faɗi. Igiya a ƙugu, a ɗaure ta a jikin bishiya. In an yi ruwa, a jira itace ya bushe. Ambu kaɗai, sauran shidan su zauna a hannun Kang Emod tukuna. Kuma dole wani ya riƙe tsani.

"Igiya?" in ji shi. "Ni akuya ne?"

"Akuya ba ta faɗowa daga bishiya, Mang."

Kang Emod ya yi dariya har da tari. Shi ya haɗa tsanin a wuni ɗaya. Da aka zo maganar mai riƙewa, na ce ba wanda zai riƙe sai ni.

Safiyar farko gajimare ya cika gangaren, ba ka ganin abin da ya wuce taki goma. Muka haye rafi, shi a gaba da sanda, ni a baya da guduma. Ambu ta fito mana daga cikin farin nan kaɗan kaɗan, gindi tukuna, sannan jiki, kanta kuwa bai fito ba sam. Ya tsaya ya dafa ta da tafin hannu.

"Salamu alaikum, Ambu. Ni ne. Na yi latti."

Ya ɗaura igiya yana gunaguni. Ya taka na farko, na biyu. A na uku ƙafar ta fara rawa, ina jin rawar a cikin tsanin har tafin hannuna. Ya tsaya. Na ga gumi yana bin bayan wuyansa. Bakina ya cika da "sauko", kalmar tana nan a kan harshena. Na haɗiye ta.

"Kang, in ba za ka hau ba ka ba ni wuri in hau. Shinkafa na bari a wuta."

"Rufe mini baki, maƙaryaciya."

Ya taka na huɗu. Da haka muka shirya.

Daga ƙasa nake jin bugun, a hankali, daga gindin hannun zuwa bakinsa, ya dawo. Yana bugu yana wata waƙa ƙasa ƙasa wadda ya gada wurin mahaifinsa, ba a gane kalmominta, ni ma ban taɓa tambaya ba. Sai ya kama hannun ya yi ta lilo da shi kamar mai rarrashin jariri. Gajimare yana wucewa ta tsakaninmu, wani lokaci in gan shi, wani lokaci in ga ƙafafunsa kawai. Raɓa tana ɗigo mini a ka daga ganye.

Mako biyar muna haka, kwana biyu a huta, rana ta uku a koma. Ranar da aka yi ruwa ya zauna gida yana zagin sama yana fafe sabon bututu. A mako na biyu ya manta sandarsa a bakin rafi, bai tuna ba sai da muka iso gida. A na uku na shigo ɗaki da asuba na tarar da shi a ruku'u, a tsaye, hannu a gwiwa, na koma da baya a hankali don kada ya gan ni. Ɗingishin bai tafi ba, Bu Wiwin ta ce mai yiwuwa ba zai tafi duka ba. Ƙwaurin dai ya fara cikowa, ta gwada yatsunta sun ƙi haɗuwa, ta ce saura ƙiris ta fara jin tsoronsa.

Da furen ya fara ƙanshi, ƙudan zuma suka taru, ya ce lokaci ya yi. Ya wasa wuƙa tun da daddare. Ya hau, ya yi bisimilla, ya yanke. Gungun furen ya faɗo kusa da ƙafata da nauyi. Ya naɗe bakin yankan da ganye, muka dawo gida. Kwana biyu yana zuwa yana sake yanka siriri, bakin yana nan a bushe.  Na san abin da yake tunani, cewa rigar ta kwana wata biyar a cikin shinkafa, ƙanshinta ya canza. In Ambu ta ƙi shi, laifina ne, kuma ban san ko zai sake tashi daga tabarma ba.

Yammacin rana ta uku ya daɗe a sama. Can na ji ya ce, ba da ni ba, "Yauwa. Sannu. Sannu da ƙoƙari." Ya miƙo hannu ƙasa na ba shi bututu ya rataya.

Da safe muka koma tun kafin rana ta fito. Ya hau ya kwance bututun, na ga yadda kafaɗarsa ta sunkuya da nauyinsa. Ya yanka siriri, ya rataya wani, ya kwance igiya, ya fara saukowa yana rungume da shi a ƙirji. Shida, biyar, huɗu, ina ƙirgawa a zuci. Ya wuce na biyu. A matakin ƙarshe, wanda ko kaza za ta iya tsallakewa, diddigensa ya zame.

Ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin laka.

Ihun da na yi, an ce har masallaci an ji. Na saki tsani na faɗa kansa, ina lalubar cinyar, ina kiran sunan Allah, ina kiran Kang Emod, ina kuka kamar an riga an yi mutuwar. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba kafin na lura yana zagina.

"Ke! Ke, Nyi! Sakar mini ƙafa, lafiyarta ƙalau! Karɓi nan, hannuna zai tsinke!"

Na ɗago. Yana zaune cikin laka har ƙugu, hannayensa biyu a sama, ya ɗaga bututun tsaye cak a bisa kansa. Ko ɗigo bai zube ba. Fuskarsa duk taɓo, kuma dariya yake yi, irin ta cikin ciki, har haƙoransa na baya a waje.

Na karɓa. Ya cika har baki, yana da ɗumi, yana ƙanshin hayaƙi. Ruwan ya fara tangaɗi a hannuna.

"Riƙe da kyau mana," ya ce. "Ni na faɗo ban zubar ba, ke da kike tsaye za ki zubar?"

Na miƙa masa hannu ɗaya in tashe shi. Ya dube shi, ya ture shi gefe. Ya dafa ƙasa, ya kafa ƙafar nan mai ƙarfe a ciki, ya miƙe da kansa.